Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya A Ziyararsa Ta Bronx

Assalamu alaikum. Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, dattawanmu, malamai da iyayenmu mata, a madadin Hausawa mazauna unguwar Bronx ta birnin New York muna maka barka da zuwa, sannu da hanya, an sha jirgi.

Ranka ya daɗe tunda harkar lafiya ce ta kawo ka Amurka akwai abu ɗaya da muke so ka gani da idonka. Nan in an harbi yaro ko an caka masa wuƙa aka kai shi asibiti, likita na ɗinki a ciki abokansa na bakin ƙofar emajansi waya a hannu, har sun fara shirin ramuwa. To a daren ne ake kiran wani ma'aikaci ɗan unguwa, yawanci shi ma ya taɓa irin wannan rayuwar ya bari, ya ja kujera ya zauna bakin gadon ya lallashi yaron ya lallashi uwar, in an sallame shi kuma ya yi ta bibiyarsa wata da watanni, makaranta ce, aikin yi ne, har raka shi wankin ciwo. A birnin Oakland na jihar Kalifoniya aka fara wannan tun 1994.

Matsalar ita ce da kuɗin tallafi ake aikin, tallafi ya ƙare aiki ya tsaya. Sai a 2021 jihar Konetikat ta yi doka cewa Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ta riƙa biyan wannan aikin yadda take biyan kuɗin ganin likita. Kalifoniya ta bi a 2022, mu nan New York a 2023. Ni dai wallahi na ga hikimar, domin yaron da ba a tare ba shi ne zai sake dawowa gadon nan, inshorar nan dai ce za ta sake biya, in ma ya rayu kenan.

Mu duk a gida muka tashi, mun san faɗan daba da sara-suka da ƙwacen waya, kullum muna gani a WhatsApp hankalinmu na tashi. Najeriya ta yi dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, a 2022 har da asusun marasa galihu. Roƙonmu dan Allah in ka koma a duba ko inshorar jiha za ta ɗauki albashin irin waɗannan ma'aikatan, ko da a asibiti ɗaya ne a fara gwadawa.

Gobe in sha Allahu za mu haɗa ka da masu aikin ka ji daga bakinsu. Yanzu dai iyayenmu mata sun tuƙa tuwo, bismillah ranka ya daɗe.