Abin da ya sa na kasa tashi daga lab (ɗakin bincike) yau

Jama'a salamu alaikum, ku yi haƙuri da hancina, sanyin Dresden ne, nan Jamus. Ƙarfe tara na dare, ban ci komai ba sai gahawar Yuro 3, amma wallahi farin ciki ya hana ni tafiya gida.

Ku matso ku ga allon nan. Waɗannan ɗigo-ɗigon da ke haske, tsibiran Langerhans ne, wato curin ƙwayoyin halitta na cikin fankiriyas (wata gaɓa a bayan tumbi), inda ƙwayoyin beta ke haɗa insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini. Wani ɗalibi, Paul Langerhans, ya fara ganinsu a Berlin a 1869. Ɗalibi fa, kamar ni!

Ni da can na ɗauka idan ka ci tuwo suga ya hau, sai jiki ya koma wajen DNA, kundin umarnin halitta, ya rubuto sabon saƙon haɗa insulin. Ashe saƙon, wato RNA ɗin insulin, yana nan a ajiye tuntuni. Wasu furotin ne ke riƙe da shi. Akwai HuD, shi zama yake a bakin saƙon ya hana a karanta muddin suga na ƙasa. Suga na hawa sai ya saki. PTBP1 kuma wutsiyar yake kamawa don kada saƙon ya lalace, har ya taimaka a ƙera 'yan jakunkunan da ake zuba insulin ciki. Wannan na jakunkunan a nan garin aka nuna shi, a 2004. Ba alfahari ba, amma titin da masu binciken suke bi nake bi.

Ina kallo sai Baba, mai fama da ciwon suga, ya faɗo mini a rai. Shi nasa insulin ɗin a gindin randa Inna ke ajiye masa, saboda wuta ba ta tsayawa. Ni kuwa nan firji guda aka ware wa wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, kusan Yuro 400. Kai, duniya!

Wanda zai zo karatun nan, ina gargaɗinsa: kada ka kuskura ka taɓa kwalbar RNA da hannu babu safar roba. Fatar hannunka kaɗai ta isa ta cinye shi. Aikin sati biyu na zubar a haka, na shiga bayi na sha kukana.

Masu turo wa Baba jiƙe-jiƙe a WhatsApp wai yana kashe ciwon suga a kwana bakwai, don Allah ku ƙyale mini tsoho, ya ci gaba da allurarsa.

Af, jirgin ƙasan da zai kai ni gida! Bari in ruga.