Hannunka ba birki ba ne: hirarmu kan tsallaka titi da zirga-zirgar tasha

Auta: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ma mu ukun ne, ni da Malama da Kawu, a rumfar Kawu ta bakin tasha muke, in kun ji hon ko ƙarar janareton mai cajin waya ku yi haƙuri, nan ɗin ne kawai inuwa. Kawu ina wuni, ya kasuwa?

Kawu: Lafiya lau, kasuwa sai godiya. Matso da wayar nan kusa da ni, wancan satin an ce muryata kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Auta: Malama ya aikin asibiti? Ke kika kawo maganar yau, toh bismillah.

Malama: Aiki da godiya Auta. Wallahi abin da na gani ranar Juma'ar nan ne ya tsaya min a rai. Ina dawowa daga Wudil, kun dai san yadda ranar kasuwa take, motocin shanu, 'yan acaɓa, masu rake, kowa a kan kwalta. Mun tsaya sauke fasinja a wani ƙauye, sai wani a cikin motarmu ya ƙwala wa mai gyaɗa kira, ita kuma tana can ɗaya hannun, yarinya ce bata fi shekara tara ba. Ta ɗauko faranti ta fito da gudu ta bayan wata hayis da ke tsaye, bata kalli ko'ina ba, idonta na kan naira ɗarin da mutumin ke ɗagawa ta taga. Sai ga wata mota Sharon. Ƙarar birkin nan har yanzu tana kunnena. Allah Ya tsare madubi ne kawai ya bugi farantin, gyaɗa ta watse a titi, kuma kun san me? Yarinyar nan durƙusawa ta yi a tsakiyar kwalta tana tsince gyaɗa tana kuka, wai za a doke ta a gida.

Kawu: Inna lillahi. Kuma na san direban aka hau da zagi.

Malama: Shi aka hau mana. Wanda ya kira ta kuwa ya noƙe cikin kujera kamar ba shi ba.

Kawu: Toh ai kin ji. Ni shekara talatin na yi ina jan mota a hanyar nan, Kano zuwa Azare zuwa Potiskum, wani lokacin har Maiduguri, kuma zan faɗa muku abin da mutane basa son ji: lokacin da hanyar take da ramuka ba a kaɗe mutane a cikin gari kamar yanzu. Rami shi ne ɗan sandan da baya karɓar na goro, dole ka rage. Yanzu an yi tagwayen hanya sumul, alhamdu lillahi mun ji daɗi, amma ƙauyen da hanyar ta raba biyu fa? Rijiya tana wancan hannun, makaranta tana wannan, masallacin Juma'a can, gonaki nan. Mutum sai ya tsallaka sau shida a yini, a gaban motar da ke ɗari da ashirin.

Auta: Amma Kawu ai ana hango motar tun daga nesa.

Malama: Hangen ne ke yaudarar mutane. Bari in yi maka lissafin 'yan firamare. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, duk daƙiƙa ɗaya tana cin wajen mita 28. Hannu ɗaya na titin nan faɗinsa ya ɗan haura mita 7. Iya ta ɗauko itace a ka, ko mai goyo tana riƙe da wani yaron, kafin ta gama tsallakawa ta ci daƙiƙa bakwai ko takwas. Ka buga ka gani, motar ta yi mita 200. Wato motar da ka hango can wajen gidan mai ka ce ai da saura, kafin ka kai tsakiya ta iso.

Kawu: Kuma ko direban ya gan ka, kafin ƙafarsa ta bar totur ta hau birki an ci wata tafiyar, kafin motar ta tsaya cak kuma an kusa cinye tsawon filin ƙwallo. Wannan ƙaramar mota kenan mai lafiyayyen birki da taya mai kyau. Tirela da ta ɗauko siminti buhu ɗari shida kuwa, kar ma a yi maganarta.

Auta: Ni abin da ke ban dariya, mutum ya ɗaga wa mota hannu ya shiga titi abinsa ko waiwaye babu.

Kawu: Hannunka birki ne? Har tsofaffi sa'o'ina suna yi, wai ai ya gan ni. Wa ya ce maka ya gan ka? Wataƙila lissafin balas yake, ko rana ce ta dallare masa ido, ko waya yake. Ni in ban haɗa ido da direba na ga gaban motar ya ɗan dusa ba, bana sa ƙafa.

Malama: Kawu ku yi wa mutane bayanin hannun da ake bi, don wannan ma rigima ce.

Kawu: Ina yaro aka canja hannun tuƙi a ƙasar nan, 1972, da hagu ake bi irin na Ingila aka koma dama. Toh tunda mota dama take bi, kai mai ƙafa in babu gefen da aka ware maka, hagu zaka bi, kana fuskantar motar da ke tahowa, kana ganinta tana ganinka. Amma duba yaran makarantar nan in an tashi, duk sun ba mota baya suna tafe suna wasa. In zaka tsallaka kuma hagu zaka fara dubawa, sai dama, sai ka sake duba hagu. A tagwayen hanya ka tsaya a tsakiya ka huta, ka sake sabon dubawa, ba wai ka ɗauke ta da numfashi ɗaya ba.

Malama: Kuma ko a hannu ɗaya ka duba duka ɓangarorin, saboda su Auta.

Auta: Kai Malama, ni kuma?

Malama: Rantse baka taɓa yin wanwe ba.

Auta: Toh... gaskiya ina yi. Amma ku duba fa, daga nan in zan kai fasinja unguwar da ke can tsallake, sai na yi tafiya mai nisa kafin in samu inda aka yanka a juya, man da zan ƙona ya fi ribar. Shi yasa muke bin gefe-gefe a hankali.

Kawu: A hankali a bakinka. Mai tsallakawa ya duba inda mota ke fitowa ya ga ba komai, ya sa ƙafa, kai kuma ka fito masa ta inda bai zata ba. Rabin karayar ƙafar da ake kaiwa wajen mai ɗori a garin nan ai ku ne, ba tirela ba.

Malama: Ni ban ƙirga ba kar a ce na ce, amma ina ganin su. Lokacin da na fi tsoro kuma tsakanin magariba da isha ne, an taso daga kasuwa, an fito masallaci, ga hazo in lokacin sanyi ne, mace ta sa baƙin hijabi har ƙasa tana tafe a gefen kwalta.

Kawu: Baƙin hijabi da daddare, wallahi sai ka zo dab kake ganin kamar inuwa ta motsa. Ga na gabanka ya sakar maka fitila gaba ɗaya ya ƙi ragewa, na 'yan daƙiƙu baka ganin komai, da addu'a kake tafiya. Ita kuma tana ganin hasken fitilarka ya haske ta, a zatonta ka gan ta tun tuni. Ko tocilan ɗin waya mutum ya kunna ya riƙe a hannu, ya taimaki kansa ya taimake mu.

Auta: Mu dawo cikin tasha Kawu, nan ai mota bata gudu.

Kawu: Nan ribas ke kisa. Ka ga daf ɗin can da ke lodin buhuna? Direban yana sama kamar a kan soro, yaron da ya tsaya dab da gaban motar baya ganinsa sam, balle na baya. Da, ƙa'ida ce, baka sa ribas sai yaron mota ya sauka ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, yana taho taho, in ya daki bodi ka tsaya. Yanzu yaron motar yana can yana danna waya. Na taɓa tada mota da rana tsaka a wata tasha, har na sa giya, sai wani mai shayi ya yi ta ihu yana dukan ƙofa. Na sauko, almajirai biyu ne kwance a ƙarƙashi suna barci, inuwa suka samu, ɗaya kansa a jikin tayar baya, robar bararsa a ƙirji. Ranar ban iya tuƙi ba, wani na ba ya kai motar. Tun daga nan ko fitsari na sauka yi, sai na zagaya motar na leƙa ƙasa kafin in hau.

Malama: Subhanallahi. Toh mai tafiya a ƙasa ya zai gane ko an gan shi?

Kawu: Ki kalli madubin motar, in baki ga fuskar direba a ciki ba, shi ma bai gan ki ba. Kuma kar a tsaya a gefen doguwar mota in zata sha kwana, kai yana wucewa lafiya, gindin ne ke yankowa ciki ya matse mutum.

Auta: Ni dai ina ganin a zuba mana bam, tudun nan na rage gudu, a shiga gari da fita, magana ta ƙare.

Malama: Ina bayanka. Doka ma ai kilomita 50 a awa ta ce a cikin gari, wa ke bi? Hukumar lafiya ta duniya ta ce in mota ta bugi mutum tana 65 maimakon 50, haɗarin ya mutu ya ninka sau huɗu da rabi. Allon gefen hanya baya sa kowa ya rage, tudun nan ne kaɗai suke jin maganarsa.

Kawu: Ban ƙi ba, amma ba irin wanda matasa ke tashi cikin fushi bayan an kaɗe wani su tara ƙasa da kututture cikin dare ba. Ba fenti, ba alama, baƙo ya taho da gudu ya yi sama da fasinja, an gudu ba a tsira ba kenan. A je ta wajen mai gari da ƙaramar hukuma, a kira 'yan rod sefti, a yi shi da faɗi a shafa masa fari, a sa allo tun daga nesa.

Auta: A birni ai har zanen tsallakawa suke da shi, fari-farin nan, ga 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirga a Kano.

Kawu: Zanen yana nan, a ƙa'ida in mutum ya hau kansa mota ce zata tsaya masa. Je ka gwada ka dawo ka bamu labari.

Malama: Kafin mu tashi, dan Allah in tsautsayi ya faru a daina rufar wa direba da duka, wannan ne ke sa wasu guduwa su bar mutum kwance, alhali motarsa ce mafi kusa da za a kai shi asibiti. A daina ɗaukar wanda aka kaɗe ana jan hannu ana jan ƙafa kai na lilo, in wuya ko baya ya taɓu ku ne zaku ƙarasa shi. A samo faffaɗan katako ko ƙyauren shago, mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki. Kar a ɗura masa ruwa a baki. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Lambar rod sefti 122 ce, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa.

Auta: 122, ku sa a waya yanzu. Kawu ga can ana ɗaga muku hannu, kamar motar Dutse ta cika.

Kawu: Saura mutum ɗaya suke ta faɗa tun azahar. Kai! Kai yaro, fito daga bayan motar nan, baka ga ya tayar ba? Auta kashe abin nan, bari in je.