Ajiye Jan Biro Tukuna: Yadda Za Mu Ba Gajeren Labarin Ɗalibi Maki

(Lacca ce da aka gabatar a taron bita na malaman Hausa na makarantun sakandare. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji? To madalla. Shugaban taro, ranka ya daɗe, iyayenmu malamai, 'yan'uwa malamai maza da mata, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana a kan yadda muke duba gajeren labarin ɗalibi da yadda muke ba shi maki. Abu huɗu na zo da su.

Na farko, labarin yaro sau biyu ake karanta shi, kuma a karatun farko jan biro yana cikin aljihu. Cikin aljihu, malamai! Domin da zarar biron nan yana hannunka, idonka ya bar labari ya koma farautar kuskure. Nan ya haɗe "ya ce", nan bai sa lanƙwasa a kan "ƙ" ba, nan babu aya. Ka zo ƙarshen shafi, takarda ta yi jawur, a tambaye ka me ya faru a labarin, ba ka sani ba.

Ku ɗauka yara biyu sun kawo maka aiki. Na farko rubutunsa tsaf, ko gyara ɗaya babu. Labarin 'yar wani attajiri ce, ta dawo daga Dubai, motoci goma a gida, ta haɗu da saurayi talaka, iyaye suka ƙi, daga baya suka yarda. Kun san shi ai, ga Malam can yana murmushi, ya ci karo da shi. (dariya) Na biyu kuwa rubutunsa sai ka daure. Amma ya rubuta yadda kakarsa ta kai tunkiyarta kasuwa ranar Laraba don a biya masa kuɗin jarrabawa. Ta dawo da la'asar, igiyar tana hannunta, ta rataye ta a turke, ta ce a kawo mata ruwa. Bai ce tana baƙin ciki ba. Bai ce tana ƙaunarsa ba. Igiya kawai ya nuna maka, kai kuma sai ka ji abu ya tokare maka maƙogwaro. Wa ya rubuta labari a cikinsu? Amma wa muke ba goma sha takwas bisa ashirin? Wallahi abin nan yana damuna, domin yaron na biyu shi ne marubucin, kuma shi muke kora. Ya karɓi takardarsa ya ga shida, ya naɗe, ba zai sake ba ka abin da ke zuciyarsa ba. Zango mai zuwa shi ma Dubai zai tafi.

Ba na ce a yi watsi da ƙa'idojin rubutu ba. Ni malamin Hausa ne, ina kishinsu. Cewa na yi a ba su kasonsu, su tsaya a kasonsu. Waɗanda suka taɓa duba insha'in Turanci na WAEC za su ba ni shaida: maki 50 ne, 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. Kowane kuskure rabin maki, goman nan in ta ƙare shi ke nan, ba a tsallaka a ci na ƙunshiya. Hukumar jarrabawa ke nan. Mu kuwa a aji sai mu bar kuskuren raba kalma ya cinye labari ɗungurungum.

Kuma ku tuna ƙa'idojin nan ba a rana ɗaya aka same su ba. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Najeriya da na Nijar. Manyan masana ne suka yi shekaru suna kai gwauro suna kai mari a kan inda za a raba kalma. Yaro ɗan aji biyu ya rikice a wurin, abin gyara ne, a gyara masa. Ƙa'ida a zango ɗaya ana iya koyar da ita. Idon da ya ga igiyar nan fa? Ku gaya mini a wane darasi ake ba da shi.

Wannan ma ya tuna mini da gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya ƙarƙashin Rupert East. Su wa suka shiga? Malaman makaranta irinmu. Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa 22. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Midil ta Bauchi. Daga ɗakin malamai ƙagaggen labarin Hausa na boko ya taso, to bai kamata a ɗakin malamai a riƙa shaƙe shi ba.

Ina muka tsaya? Na biyu. Ka faɗa wa yara ma'auninka kafin su rubuta, ka sa shi a allo: jigo kaza, zubi da tsari kaza, taurari (wato mutanen cikin labarin) kaza, salo kaza, ƙa'idojin rubutu kaza. Ka kuma sa iyakar tsawo. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata, kalmomi 1,000 zuwa 1,500 take nema. Iyaka ita ke hana yaro kawo maka taurari goma sha biyar da tarihin gida tun daga kakan kaka.

Sai kuma ƙarshen labari. Yaranmu sun saba rufewa da "wannan labari yana koya mana". Idan labarin ya riga ya koyar, jimlar nan kaya ce. Kada ka rage maki, ka ja layi ka tambaye shi: in an cire wannan, me aka rasa? Na uku, ko na huɗu ne? To, sharhi. "Ka yi ƙoƙari" ba sharhi ba ne. Ka nuna masa jimla ɗaya da ta yi rai, da wuri ɗaya da ya yi gaggawa, ka mayar masa ya sake rubutawa, makin ƙarshe ya hau kan rubutu na biyu.

Na ga hannu. Bismillah, Malama.

(Wata malama ta ce ɗalibanta da Sakkwatanci suke rubutu, ta tambaya ko za ta rage musu maki.)

Allah ya saka da alheri, Malama, wannan tambaya ta fi abin da ya rage a takardata. A raba abu biyu: bakin mai ba da labari, da bakin taurari. Mai ba da labari, a koya masa daidaitacciyar Hausa, don ita zai tarar a WAEC da NECO, kuma zalunci ne mu ɓoye masa haka. Amma tsohuwa 'yar Gwadabawa ta buɗe baki a cikin labari ta ce "mi kaka so, ɗiyana?", kada ki taɓa shi. Ƙarin maki ma ya cancanta a kason taurari, domin yaron ya saurari mutane da kunnensa. In kika mayar da ita "me kake so", kin ɗauke tsohuwar daga garinsu. Abin da za ki duba shi ne ɗorewa: kada ta fara da Sakkwatanci a shafin farko ta koma Kananci a na biyu ba dalili. Haka na Damagaram, haka na Katsina, haka Bazazzagi. Ki sa su karanta maganar taurarin da ƙarfi a aji, 'yan'uwansu za su fi ki saurin gane inda ta kauce.

Shugaba yana nuna mini agogo, kuma an kira sallah. Ragowar sai mun dawo, kowa ya zo da takardar ɗalibi ɗaya mu duba tare. Wassalamu alaikum.