Hular kwanon da ba ta fitowa sai ranar zuwan sufeto

Jama'a masu sauraro, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a masana'antu da wuraren gine-gine, kuma ta ishe mu haka. Da zarar labari ya iso cewa sufetocin ƙwadago suna tafe, sai a buɗe sito a fito da hulunan kwano da safar hannu da tabarau, wasu ma ko ledarsu ba a cire ba, a rarraba wa ma'aikata, a kwashe kwalayen da suka toshe ƙofar gaggawa, a goge ƙurar da ta lulluɓe tukunyar kashe gobara. Sufeto ya zagaya, ya sa hannu, ya tafi, kafin motarsa ta yi nisa an bi kowa an karɓe kayan an mayar sito. Wai wannan ne shirin tarbar bincike, alhali sunansa aikin ganin ido.

Aikin ganin ido kuwa yana kisa. A watan Satumba na 2012 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Ali Enterprises da ke Karachi a Pakistan, ta hallaka mutane fiye da 250, bayan makonni kaɗan da masu bincike suka ba ta takardar shaidar cika ƙa'idoji. Waɗanda suka ruga neman mafita sun tarar da tagogi an dasa musu ƙarafa, ƙofofi kuma a rufe, takardar nan ba ta buɗe musu ko ɗaya ba.

Ba banza ba ne yarjejeniya ta 81 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tun 1947, ta ba sufeto ikon shiga wurin aiki dare ko rana ba tare da sanarwa ba. Yarjejeniya ta 155 ta 1981 kuma ta ɗora wa mai kamfani nauyin samar da kayan kariya, ba tare da ma'aikaci ya biya ko sisi ba.

Masu kamfani za su ce ai ma'aikatan ne ba sa son sa kayan, suna kukan zafi da nauyi. Wannan uzuri ya tsufa! Wanda yake iya yanke wa ma'aikaci albashi saboda makarar minti goma ba zai ce ya gaza sa shi ɗaura hular kwano ba. A ba mutum takalmi daidai ƙafarsa, a nuna masa amfanin takunkumi, a gani ko zai ƙi. Balle ma kayan sawa su ne kariya ta ƙarshe, domin gyaran injin da sa masa murfi su ya kamata su gabata. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, idan mutum yana shan ta awa takwas kullum, tana cinye masa ji sannu a hankali, kuma ba ta jiran ranar bincike, kamar yadda tartsatsin walda ba ya jira.

Saboda haka muke kira ga sufetoci su daina sanar da zuwansu, su keɓe da ma'aikata nesa da idon manaja, su buɗe littafin da ake rubuta haɗurra. Idan kuma suka ga hula sabuwa fil, babu ko ƙwarzane, a kan mutumin da ya shekara goma yana aiki a wurin, to su tambaye shi yaushe aka miƙa masa ita.