Manhajar da ba a kulle ba: lacca ga ɗalibai a Tawa

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, barkanku da yamma. Na baya, kuna ji na? Ku matso mana, ga kujeru nan a gaba.

Amfani huɗu zan kawo muku na manhaja mai ƴanci, wadda wasu ke kira buɗaɗɗiya. Amma bari mu san ta tukuna. A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara aikin GNU, wato shirin haɗa manhajar kwamfuta mai ƴanci. Abin da ya tsaya a kai shi ne a bar ka ka yi aiki da manhaja yadda ka ga dama, ka duba yadda aka rubuta ta, ka gyara, ka kuma ba ɗan'uwanka. A 1991 wani ɗalibi kamarku a Helsinki, Linus Torvalds, ya fito da Linux, tushen manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar yadda Windows ke yi. Mai wayar Android ya ɗaga hannu. Yauwa. To Linux ne a ƙasanta. Har taku, ku da ke latsawa a ƙarƙashin tebur, ina ganinku.

Na farko, kuɗi. LibreOffice na yin rubutu da lissafi, VLC na kunna bidiyo, ba ka biyan ko dala, ba ka kuma buƙatar kofin sata mai tafe da cuta. Wannan kun sani, mu wuce.

Na biyu, a nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Kwamfutocinmu daga ina suke? Yawanci na hannu ne, an gama cin moriyarsu a Turai, suka biyo ta Kwatano. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10 yadda ta saba. Windows 11 kuwa sai injin da ke da wani guntu mai suna TPM 2.0, tsofaffi da yawa ba su da shi. Injin lafiyarsa lau! Allo na haske, madannai na aiki, amma an ce ya tsufa. Wa ya ce? Wanda ba ya Tawa, bai san jika nawa uba ya tara kafin ya saya wa ɗiyarsa ba. Wannan abin yana ci mini rai, wallahi.

Ku dubi masu gyaran babur a bakin tasha. Yaro ya kwance injin kabu-kabu, ya baje shi a kan buhu, ya mayar kafin la'asar. Da an liƙe injin an ce sai kamfani kaɗai ke buɗewa, da wa zai koyi sana'ar? To manhajar da aka kulle haka take. Ka sa wa tsohuwar kwamfuta Linux marar nauyi, irin Lubuntu ko Mint, sai ta farfaɗo ta ƙara shekaru. Na ce ta farfaɗo! Makarantar da ke da injuna a jibge cikin ƙura, ɗakin karatu gare ta, ba ta sani ba. Ga Kiwix, a zuba Wikipedia a ciki, yara su yi karatu ko babu intanet. Kai da ka buɗe ka gani, kai ne gobe za ka gyara, ba sai an jira wani daga waje ba.

Na nawa muke? To, na gaba, ikon ƙasa a kan bayananta. Jandarmomin Faransa da kansu sun koma Ubuntu, wani nau'in Linux. DHIS2, da Jami'ar Oslo ta ƙirƙiro, da ita ma'aikatun lafiya na ƙasashen Afirka da dama ke tattara alƙaluman asibitoci. Sai taswirar OpenStreetMap, kowa na iya sa unguwarsa... Na'am, ɗiyata, faɗi.

Wata ɗaliba: Malam, in kyauta ce, mai yin ta me zai ci?

Allah shi yi miki albarka, tambaya ke nan. Ba manhajar ake sayarwa ba, aikin ake biya: girkawa, koyarwa, gyara, kula da ita. Kamfanin Red Hat da haka ya girma, har IBM ta saye shi dalar Amurka biliyan 34 a 2019. Ke ma, in wani kanti ko makaranta na son tsarin ajiye lissafi, ki girka masu, ki koya masu, su biya ki duk wata. Ba ki saci komai ba, lasisin ne ya ba ki dama. Wanda ke son farawa ya zo da kile na USB mai giga 8 bayan sallar magariba, mu zuba masa Linux, mu gwada a kan injinsa ba tare da an goge masa komai ba.