Tauraro ya fashe, waya ta yi ƙara

Mutanen Gumel da ƙauyukan kewaye, ina gaisuwa. Yau haushi ne ya sa na kunna kyamara. Muna cin abinci da abokin hayata a nan Maryland, ɗalibin ilimin taurari, sai wayarsa ta yi ƙara. Wai wani tauraro ne ya fashe can nesa, kuma daƙiƙu kaɗan bayan na'ura ta hango har saƙo ya iso masa. Ni kuwa in zan gaisa da Inna, sai ƙanina ya hau tudun bayan makaranta neman sabis!

Fashewar hasken gamma suke kiran abin, wani haske ne mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani. Iskar da ta lulluɓe duniya ce ke shanye wannan haske kafin ya iso ƙasa, shi ya sa dole a kai na'urar sama. Akwai tauraron ɗan'adam Swift da aka harba a 2004, akwai Fermi a 2008. Swift ɗin nan ya burge ni: da ya hango walƙiyar, ba ya jiran umarnin kowa, da kansa yake juyawa cikin minti ɗaya zuwa biyu don ya riski sauran hasken kafin ya dushe. Wata fashewar ko daƙiƙa 2 ba ta kaiwa.

Abin dariya, waɗanda suka fara gani a 1967 ba taurari suke nema ba. Amurka ce ta harba taurarin ɗan'adam masu suna Vela don gadin gwajin bam ɗin nukiliya. Sai 1973 aka bayyana wa duniya.

Na leƙa cibiyar Goddard ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Sashen baƙi kyauta ne, amma tasi ta cinye min dala 30, kada ma ku buga da naira. Su da na'ura, mu da sama: fitilun garin nan sun haɗiye taurari, ba kamar daren kaka a gida ba.

Kun tuna ambaliyar 2022? Muna ta kanmu, ranar 9 ga Oktoba, aka ga fashewa mafi haske a tarihin binciken. Haskenta ya yi shekara biliyan 1.9 a hanya, amma duk da haka sai da ya kashe wa na'urorin ido.

Kawu, kai da ke turo min bidiyon WhatsApp cewa tauraro zai ƙone duniya, don Allah kada ka karyar da geronka a kasuwar Maigatari. Kusan kullum sai an hango irin wannan fashewar guda, kuma duk daga nesa suke.