Salem: Inda Mai Cewa "Ni Maye Ne" Ya Tsira da Ransa

Jama'a, assalamu alaikum. Yau daga Boston na hau jirgin ƙasa, tafiyar kamar rabin awa, ga ni a Salem ta jihar Masacuset a Amurka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, bakin teku muke.

Bari in juya kyamara. Kun ga katangar nan? Kujerun dutse 20 ne a jikinta, kowace da sunan mutum, da ranar da aka kashe shi, da irin kisan. An gina wurin a 1992 don tunawa da mutanen da aka kashe a garin nan bisa zargin maita, shekara 300 bayan faruwar abin. Wannan ta gabana ta Rebecca Nurse ce, an rataye ta ranar 19 ga Yuli, 1692. Wani ya ajiye mata fure, ya danne da tsakuwa.

Ba cikin garin nan wutar ta tashi ba, a ƙauyen Salem ne, wanda yanzu ake kira Danvers. Mutanensa Turawan Ingila ne 'yan ɗariƙar Furitan, Kiristoci masu tsananin riƙo, sun yarda Shaiɗan na ɗaukar mutane aiki su sa hannu a littafinsa. Ga sanyi, ga yaƙi da 'yan asalin ƙasar ta arewa, ga rigimar gonaki da ta albashin limamin cocinsu, Samuel Parris. A gidan limamin nan ne, farkon 1692, 'yarsa Betty mai shekara 9 da 'yar'uwarta Abigail mai 11 suka fara faɗuwa suna ihu suna sanƙarewa. Likita ya duba ya rasa kan ciwon, ya ce wannan akwai hannu a ciki.

Aka matsa wa yaran: wa ke kama ku? Suka kira sunaye uku. Tituba, baiwar gidan. Sarah Good, mai bara gida-gida. Sarah Osborne, wadda ta daɗe ba ta leƙa coci ba. Kun ga dai waɗanda aka fara da su, duk marasa gata.

To, abin da ya fi tsaya min a rai shi ne shari'ar kanta. Kotun da Gwamna William Phips ya kafa a watan Mayu ta karɓi shaidar kurwa. Yarinya ta miƙe ta ce kurwar wance ce ta zo cikin dare ta shaƙe ta, shi ke nan ya zama hujja. Wa zai ƙaryata abin da ita kaɗai ke gani? A Andover, garin da ke maƙwabtaka, har rufe idon waɗanda ake zargi aka yi, aka sa su taɓa yaran, in yarinya ta lafa, an kama maye. Duk wanda ya taɓa ganin an tasa ƙeyar tsohuwa ta tsallaka mara lafiya a garinsu ya san wannan lissafi.

Sannan wanda ya amsa laifi ya kuma kira sunayen wasu, ba a rataye shi. Tituba ta amsa, ta yi fiye da shekara a kurkuku, ta fito da ranta. Mutum fiye da 50 suka bi sahunta, kowa na jawo wani. Masu cewa mu ba mayu ba ne, ba za mu yi wa Allah ƙarya ba, su ne igiya ta ci. Ita Rebecca Nurse tsohuwa ce mai shekara 71, ba ta ji sosai, maƙwabta 39 suka sa hannu cewa mutuniyar kirki ce. Masu taimaka wa alƙali suka wanke ta. Yaran suka ɓarke da ihu a kotu, aka ce a koma a sake dubawa, hukunci ya juye.

Ku matso nan. Giles Corey, ya kai shekara 80. Shi ƙin buɗe baki ya yi a fara shari'ar, sai aka kwantar da shi, aka ɗora katako a ƙirjinsa, ana ta jibga duwatsu har ya cika ranar 19 ga Satumba. An ce abin da ya faɗa kawai shi ne a ƙaro nauyi. Har 'yar Sarah Good mai shekara 4 sai da aka sa wa mari a kurkuku.

Gaba ɗaya an zargi fiye da mutum 200, aka rataye 19, mata 14, maza 5, aƙalla 5 suka mutu a tsare. Da zargin ya fara taɓa manya, a Oktoba gwamna ya rushe kotun. Alƙali ɗaya, Samuel Sewall, ya nemi gafara a bainar jama'a a 1697. Shugaban kotun, William Stoughton, bai taɓa ba. Sunan Elizabeth Johnson kuwa, ɗaya daga cikin waɗanda aka yanke wa hukunci kan maita, sai a 2022 aka wanke shi.

Yanzu ku dubi tsallaken titi. Shaguna ne cike da hulunan mayu da tsintsiya, har tambarin 'yan sandan garin hoton mayya ne a kan tsintsiya, kuma a watan Oktoba nan ba masaka tsinke. Ni dai abin bai kwanta min ba, tunda mutanen da ke jikin katangar nan sun mutu ne suna rantsuwa su ba mayu ba ne.

Bari in nemi mota zuwa Danvers, gidan Rebecca Nurse na nan tsaye har yau, zan shiga da ku ciki.